Gargaɗi Daga Rido: A Daina Cin Kasuwa Da Rayukan Ɗalibai

Akwai wata mummunar sana'a da take ta yaɗuwa a kudancin kogin Kaduna, kuma shirun da muke yi a kanta ya isa haka. Duk wanda yake bin hanyar Kachia daga Sabon Tasha, ya wuce mahaɗar matatar mai har ya kai Mararrabar Rido, ko ya karkata ta titin Yakowa ya ratsa Kamazou da Janruwa da Karji, zai ga yadda gine-gine suke tashi cikin gaggawa. Gari ne yake bunƙasa, kuma muna murna da hakan. Abin da ba za mu yi murna da shi ba shi ne irin abin da wasu suke ginawa da sunan masaukin ɗalibai: jerin ɗakuna babu tagar kirki, babu katanga, babu ruwa, can ƙarshen unguwa inda daga su sai gona. A zuba 'ya'yan mutane a ciki, a karɓi kuɗin shekara cif, a juya baya. Mai gida ya ci, dillali ya ci, wani lokaci har ɗalibi ya ci da gumin ɗan'uwansa ɗalibi. Wadda ake ci da ita kuwa sau da yawa yarinya ce 'yar shekara 17 ko 18, wadda ba ta taɓa kwana a wajen gidan iyayenta ba.

Kafin a kama sunan mai laifi, a san ta inda ɓarakar ta samu. Kaduna garin karatu ne. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda kowa ya fi sani da Kadpoly, tana da harabobi a Tudun Wada da Unguwar Rimi da Barnawa da kuma kan titin bayan gari. Jami'ar Jihar Kaduna, da aka kafa a 2004, tana kan titin Tafawa Balewa. Ga kwalejojin kiwon lafiya da na koyon aikin jinya, na gwamnati da masu zaman kansu. Kowace shekara ana ɗaukar dubban sababbin ɗalibai, amma gadajen ɗakunan kwanan makarantu ba sa ƙaruwa daidai da su. Wanda bai samu gado a ciki ba, dole ya nemi haya a waje. Haya a Barnawa da Narayi da Unguwar Rimi kuwa ta fi ƙarfin ɗan malamin firamare da ɗan mai sayar da kayan miya, balle tun daga 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin man fetur, komai ya yi tashin gwauron zabo. Ko ɗalibin da ya yi sa'ar samun lamunin NELFUND, abin da ake ba shi na ɗawainiya naira 20,000 ne a wata. Da shi zai ci, da shi zai hau mota, da shi zai buga takardu. Saboda haka yara suke ta ja da baya, unguwa bayan unguwa, suna neman inda kuɗinsu zai kai. Gadar titin Yakowa ta rage nisan da ke tsakanin wannan ɓangare da Unguwar Rimi, sai idon masu neman araha ya faɗo kan Rido da maƙwabtanta. Inda buƙata ta yi yawa kuma babu mai tsawatarwa, nan azzalumi yake kafa rumfa.

Mu ne za a tuna wa?

Abin da ya fi ciwo shi ne a ce a ƙasar Rido ake wannan sakaci. In akwai mutanen da bai kamata a tsaya ana koya musu darajar makwancin ɗalibi ba, to mu ne. Cikin daren 5 ga Yuli 2021 'yan bindiga suka afka wa makarantar sakandaren Bethel Baptist da ke Damishi, kusa da Mararrabar Rido, suka shiga ɗakunan kwana suka kwashe ɗalibai 121. Iyaye suka fito kan titin Kachia suna kuka, wasu suna birgima a ƙasa. Aka riƙa sako yaran kashi-kashi bayan an sha biyan fansa, na ƙarshensu bai dawo gida ba sai a Nuwamba 2023, sama da shekara biyu ke nan. Kafin wannan, ranar 11 ga Maris na shekarar, an kwashe ɗalibai 39 daga ɗakunan kwanan Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Afaka. Ranar 20 ga Afrilu aka shiga Jami'ar Greenfield da ke Kasarami, a wannan ƙaramar hukuma tamu ta Chikun, aka tafi da ɗalibai, aka kashe biyar daga cikinsu a daji. A watan Yuni aka taɓa Kwalejin Nuhu Bamalli da ke Zariya. Duk wannan cikin wata huɗu.

A lura da kyau. Waɗannan makarantu ne masu hukuma, masu masu gadi, masu littafin sunayen waɗanda suke kwana a kowane ɗaki, amma duk da haka aka keta su. To ina ga gidan hayar da ƙofarsa langa-langa ce, maƙwabcinsa na baya kuma gonar masara? Ba sai mun yi hasashe ba, an riga an ba mu amsa. Ranar 22 ga Satumba 2023 'yan bindiga suka shiga Sabon Gida a jihar Zamfara, suka fasa gidajen hayar da ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Gusau suke zaune a wajen makaranta, suka tafi da fiye da 20. Ba a yi mako biyu ba, ranar 4 ga Oktoba, aka ɗauke ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga gidan da suke haya a cikin gari. Mugayen nan sun gane cewa gidan haya ya fi makaranta sauƙin shiga. A ɗakin kwanan makaranta, kafin hantsi an kira suna an san wa ya ɓata. A gidan hayar da ba a rubuta sunan kowa ba, ana iya kwana biyu ana gardamar mutum nawa ne a ɗakin.

Kada wani ya ɗauka ina cewa a guji Rido. Rido gari ne na mutanen kirki, Gbagyi da Hausawa da sauran ƙabilu, Musulmi da Kirista, waɗanda suka daɗe suna karɓar baƙi tun lokacin da aka buɗe matatar mai a 1980 ma'aikata suka kwararo daga ko'ina. Akwai masu gidajen da suke riƙe 'yan haya ɗalibai tamkar 'ya'yan cikinsu, su san fitarsu su san dawowarsu, su kai su asibiti in ciwo ya tashi cikin dare. Saboda irin waɗannan mutane ma ya kamata a yi magana, don kada 'yan tsirarun da ba su san komai ba sai kuɗi su ɓata wa gari suna. Ko da tsaro ya inganta, ba hujja ba ce ta mayar da yara bakin daji babu katanga. Rigakafi ya fi magani, kuma mun riga mun ɗanɗani ɗacin maganin.

Yadda ake cin kasuwar

Cinikin yakan fara ne ta waya. Uba yana Saminaka ko Funtuwa ko Kafanchan, 'yarsa ta samu gurbin karatu, bai san kowa a Kaduna ba. Wani ya ba shi lambar dillali, ko yarinyar ta tsinci talla a Facebook ko a wani zauren WhatsApp na sababbin ɗalibai. A turo masa hotuna: ɗaki fes da tayil, fanka, banɗaki a ciki. Sai dillali ya kira.

"Ranka ya daɗe, Alhaji, ɗaki ɗaya tak ya rage, kuma mutum uku ne a kansa. Don dai na ji muryarka ta dattako ne na riƙe maka. In kafin alƙalami bai shigo yau ba, gobe ba ruwana."

Ita ma yarinyar tana gefe: "Baba, don Allah ka tura. Duk ƙawayena sun samu, ni kaɗai na rage, ga shi an kusa fara lacca."

Uba ya sayar da buhun masara ko ɗan akuya, ya je wurin mai POS ya tura. Daga nan kuɗaɗe suke fara haihuwa. Akwai kuɗin ganin ɗaki, alhali ba a ga ɗakin ba. Akwai la'adar dillali, wadda bisa al'ada kashi 10 cikin 100 ce, amma ga baƙo sai abin da bakin dillali ya faɗa. Akwai kuɗin yarjejeniya, alhali babu takardar da aka sa wa hannu. Akwai kuɗin ajiya saboda ɓarna, wanda da wuya a ga ɗalibin da aka mayar wa ranar tashi. Ranar da yarinya ta iso da katifarta da buhun garinta, ɗayan uku za ta tarar. Ko wayar dillali a kashe, gidan ma babu shi. Ko ɗakin yana nan amma an riga an karɓi kuɗinsa a hannun wasu biyu. Ko kuma a buɗe mata wani abu da ba shi da alaƙa da hoton da aka turo, a ce in ba ta so ta bari, kuɗi dai ba ya dawowa.

Na shiga irin wannan ɗaki na uku, kuma ina so iyaye su gan shi ta idona. Shago ne aka toshe gabansa da bulo aka bar ƙofa. Taga ɗaya ce ƙarama can sama, an dasa mata ƙarfe. Babu silin, kwano ne tsirara, da rana zafi ya dafa mutum, da damina raɓa ta ɗigo masa. Sakatar ƙofa ƙusa ce aka lanƙwasa. Wayar wuta ta shigo ta saman bango an ɗaure mahaɗarta da baƙar leda, kuma a kan wannan waya guda ake jona hita da dutsen guga da cajar waya. Katifu huɗu a ƙasa, tukunyar gas a kusurwa, tsakaninta da katifar ƙarshe bai kai taku biyu ba. A tsakar gida masai ɗaya ne na kowa da kowa, ƙofarsa buhu, ga rijiya nan kusa da shi. Mai gidan yana zaune a wata unguwa, wakilinsa ba ya leƙowa sai haya ta ƙare. Ko mai kiwon kaji yakan lissafa iska da ruwa da fili kafin ya zuba 'yan tsaki a keji, don ya san in ya cunkusa su asara zai yi. Mai irin wannan gida bai yi wa ɗan Adam ko wannan lissafin ba, domin in yaro ya kwanta ciwo ko ya mutu, asarar ba tasa ba ce.

Mutuwar da ke kwana cikin ɗaki

Mutane sun fi tsoron ɗan bindiga saboda yana da ƙara. Amma a irin waɗannan ɗakuna akwai masu kisa da ba sa ƙwanƙwasa ƙofa. Na farkonsu hayaƙin janareta. In an ɗauke wuta ga jarrabawa gobe, sai yara su tara kuɗin mai su kunna ƙaramin inji, kuma saboda tsoron ɓarawo sai su shigo da shi baranda ko lungun ƙofa su rufe. Injin yana fitar da wata iskar guba da ba ta da wari ba ta da launi. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki yake rayuwa da ita. Alamarta ciwon kai da jiri da kasala, mai ita ya ɗauka gajiyar karatu ce ya kwanta, shi ke nan. A watan Mayu 2024 a Yenagoa ta jihar Bayelsa, matasa bakwai, ciki har da ɗaliban jami'a, sun kwana a ɗakin naɗar waƙa da janareta a kunne, duka suka rasu. Gawayin da ake shigowa da shi ɗaki don jin ɗumi lokacin hunturu, irin wannan guba yake fitarwa. Ɗakin da ba shi da taga biyu masu fuskantar juna bai dace a kwana a ciki ba, balle a kunna wani abu.

Na biyu gobara. Waya mara inganci, tukunyar gas mai yoyo, katifar soso, ƙofa ɗaya, taga mai ƙarfe: duk abin da wuta take buƙata an tanadar mata, hanyar tsira ce kawai ba a tanadar wa yaro ba. Na uku ruwa. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawarar a bar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da ramin masai. A gidan da aka yanka fili ɗaya aka cika shi da ɗakuna, ina za a samu wannan tazara? Da damina ta sauka ƙazanta ta tsiyaya cikin rijiya, sai taifot da amai da gudawa. Na huɗu cunkoso. Muna cikin yankin da sanƙarau yake tashi da rani, kuma ba abin da yake taimaka masa kamar mutane da yawa a ɗaki mara iska. A ɓarkewar 2017 ya kashe sama da mutum 1,000 a Nijeriya, akasarinsu a Zamfara da Sakkwato da Katsina. Duk wanda ya zuba yara shida a ɗakin mutum biyu a watan Maris, ya san da wa yake wasa.

Sannan a yi lissafin arahar ma da ake gudu dominta. Ɗalibin da ya kama ɗaki a ƙarshen gari zai hau keke Napep zuwa bakin titi, ya hau bas, wataƙila ya sake hawa wani kafin ya isa aji, sannan ya maimaita da yamma. Zai sayi ruwa wurin 'yan garuwa. Zai biya kuɗin caji da kuɗin magani. In lacca ta kai magariba, zai ratsa lungu mara fitila shi kaɗai, wayarsa a hannu, 'yan ƙwace suna jira. In aka tara, abin da aka rage a haya ya tafi a hanya har da ƙari. Araha ba ta ado.

Akwai kuma zaluncin da rashin takarda yake jawowa. Yajin aikin ASUU na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu, bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas ɗaliban jami'o'i da dama suna gida, ɗakunansu a kulle, hayarsu tana ƙonewa. Da suka dawo, wasu suka tarar an ƙara kuɗi, wasu an fitar da kayansu. Wanda ba shi da rasit ba shi da yarjejeniya a rubuce, wa zai kai wa ƙara, kuma da wace shaida?

Laifin da ke wuyan ɗalibai

'Ya'yana ɗalibai, ku ma ba zan ƙyale ku ba. Cikinku akwai wanda yake samun gado a ɗakin kwanan makaranta ba don yana buƙata ba, sai don ya sayar wa sabon shiga ninki biyu ko uku. Wannan shi ma dillalin zalunci ne, ko da yana riƙe da katin ɗalibi. Kowane gado da aka sayar ta bayan fage, wani ɗan talaka ne aka tura bakin daji. Akwai kuma ɗabi'ar raɓa kowa a ɗaki. Taimakon abokin da bai samu wuri ba alheri ne, amma ya zama kun san shi, mai gida ya san da shi. Wanda ba ku san sashen da yake karatu ba, ba ku taɓa ganinsa da littafi ba, yana fita da dare yana dawowa da asuba, ranar da jami'an tsaro suka zo nemansa da ku duka za a tafi.

Gidan da babu babba a cikinsa shi masu sayar da ƙwaya da 'yan ƙungiyar asiri suke nema. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da ƙwaya a ƙasar nan. A shekarar ce gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin, amma ba a daina shaye-shaye ba, salo aka sauya. Yaro yakan fara ne a ɗakin aboki, inda babu idon uwa babu na malami. Ku 'yan mata kuma, duk mai gida ko wakilinsa ko dillalin da ya ce zai ɗaga miki ƙafa a kan haya in kin "gane", ko yake riƙe da mabuɗin ɗakinki yana shigowa ba sallama, kada ki rufa masa asiri. Ki faɗa wa iyayenki, ki faɗa wa ofishin kula da harkokin ɗalibai, ki faɗa wa matar mai unguwa. Kunyar tasa ce.

Kowa ya ɗauki nasa

Masu gidaje, ku ji tsoron Allah. Haya halal ce, kuma wanda ya gina wa ɗalibai masauki mai kyau ya yi wa al'umma hidima, ya cancanci ribarsa. Amma ɗan mutum da ya kwana ƙarƙashin rufinka amana ne a wuyanka, ko a masallaci kake ibada ko a coci. Ka yi katanga da ƙofar ƙarfe. Ka fasa taga ta biyu. Ka kira mai gyaran wuta na gaske. Ka nisanta rijiya da masai. Ka ware wa janareta wuri a fili nesa da tagogi. Ka ajiye littafi mai sunan kowane ɗalibi da makarantarsa da lambar iyayensa. In ba za ka iya waɗannan ba, ka ba da hayar wurin a ajiye kaya, kada ka kwantar da mutane.

Dillalai na gaskiya, kun san 'yan damfarar da suke ɓata muku sana'a, kun san inda suke zama. Ku tona su, ku yi rajistar kanku wurin mai unguwa, ku tsayar da la'ada guda sananniya.

Masu unguwanni da dagatai, babu ginin da yake tashi a ƙasarku ba ku sani ba. Ku sa a kawo muku jerin gidajen da ɗalibai suke haya, ku haɗa su da 'yan sintirin unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa. Limamai da fastoci, ku yi huɗuba da wa'azi a kan haƙƙin ɗan haya kamar yadda kuke yi a kan tauye mudu, domin zaluncin iri ɗaya ne.

Hukumomin makarantu, ɗalibi ba ya daina zama naku don ya fita ƙofar makaranta da yamma. Ku zagaya ku duba gidajen da ɗalibanku suke haya, ku fitar da jerin waɗanda kuka amince da su, ku liƙa shi tare da takardar shiga makaranta don uban da ke ƙauye ya san inda zai dosa. Gadajen da kuke da su, ku fara ba sababbin shiga da mata da masu buƙata ta musamman, ku kori duk wanda aka kama yana sayar da gado, ɗalibi ne ko ma'aikaci. Ku nemi tallafin TETFund da haɗin gwiwar 'yan kasuwa a gina ƙarin ɗakunan kwana, domin nan ne tushen matsalar. Gwamnatin jiha kuma tana da KASUPDA, wadda aikinta ne ba da izinin gini da duba shi. Gidan da za a tara ɗalibai da yawa a cikinsa ya kamata a duba iskarsa da wutarsa da ruwansa da hanyar fitarsa kafin a sa kowa, wanda ya gaza a rufe shi. Bayan harin Bethel gwamnati ta rufe makarantu 13 da ta ga suna cikin haɗari. Abin da aka iya yi bayan kuka, ana iya yin irinsa kafin kuka.

Iyaye, ku na bari a ƙarshe domin nauyinku ya fi na kowa. Na san halin da ake ciki, na san kuɗin mota zuwa Kaduna ma wani abu ne. Amma wanda zai sayi saniya ba ya biya sai ya je kara ya duba haƙoranta, to yaya za a biya wa 'ya mace ɗakin shekara guda da hoton waya? Gani ya kori ji. Ka zo da ƙafarka, in ba za ka iya ba ka aiko ƙaninka ko wani amintacce. Ka ga ɗakin da rana, ka koma ka ga unguwar bayan magariba. Ka tsaya a bayan gidan ka duba abin da ke can, gidaje ne ko daji. Ka buɗe taga, ka taɓa sakata, ka leƙa masai, ka ɗebo ruwan rijiya ka duba. Ka tambayi 'yan hayar da ke ciki a bayan idon dillali. Ka ga mai gidan ido da ido, ka biya shi a hannunsa ko a asusun da ke ɗauke da sunansa, ka karɓi rasit da yarjejeniya a rubuce, wadda ta faɗi ranar shiga da ranar fita da yawan waɗanda za su kwana a ɗakin da abin da za a yi in an rufe makaranta. Ka kai yaronka gaban mai unguwa ka ce ga amanata. Ka karɓi lambar abokan ɗakinsa da ta maƙwabci guda. In dillali ya ce babu lokacin duk wannan, to ka gode wa Allah da ya nuna maka shi tun da wuri, ka kama gabanka.

In kuma ka duba ka ga ɗakin da kuɗinka zai iya kamawa kai kanka ba za ka yarda ka kwana a cikinsa ba, kada ka kwantar da ɗanka a ciki. Ka nema masa wurin ɗan'uwa, ko ku haɗa kuɗi da wasu iyaye ku kama gida mai kyau, ko ya jinkirta har a samu. Zangon karatu in ya wuce ana maimaita shi, rai kuwa ba a maimaita shi. Duk wanda ya karanta wannan, ya isar wa maƙwabcinsa da ɗansa ya samu gurbin karatu bana, tun kafin ya tura kuɗi. Allah ya tsare mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani, ya dawo mana da su gida lafiya.